Kakana da Wanzaman Ingila

Kakana na wajen uwa ya rasu ranar wata Talata da hantsi, a makon da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. An yi ruwan shuka kwana biyu kafin nan. Rabin gari yana gona, sauran rabin kuma ya kasa kunne ga rediyo, don haka muka zaci zaman makokin ba zai cika ba. Kafin la'asar sai da aka aro tabarmin masallaci.

Ni ina cikin gida tare da mata, a bakin ɗakin kakata. Can sai ga wata tsohuwa da babu wanda ya san ta a cikinmu. Ta yi sallama, ta durƙusa gaban kakata ta ce, "Ya haƙuri, Hajiya? Ashe Malam lokaci ya yi. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan." Da aka amsa, maimakon ta matsa gefe kamar kowa, sai ta miƙe ƙafarta ta dama, ta ja zani zuwa gwiwa, ta nuna mana wani tabo mai faɗin tafin hannu a ƙaurinta.

Ta ce, "Daga Achika nake. Gyambo ne wannan. Shekara uku yana cina, har 'ya'yana suka daina cin abinci kusa da ni. Aka ce sai dai a yanke ƙafar. Bawan Allahn nan ya ce a bari ya gani tukuna. Damina guda ya yi yana zuwa a kan keke, kullum bayan azahar. In hanya ta ci ruwa ya saɓa keken a kafaɗa. Ga ƙafar nan, da ita na zo."

Kamar jira ake yi wata ta fara. Wannan ta nuna ƙuna a damtse, waccan ta nuna ɗinki a goshi. Da yamma maigidana ya shigo ya ce a waje ma haka aka yi. Wani dillalin shanu ya ɗaga riga a gaban mutane yana nuna inda sa ya soke shi a kara, kasuwar shanu, yana ƙirga ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, sai da liman ya ce, "Alhaji, mun gani, a rufe jiki a yi addu'a." Maigidana ya ce bai taɓa ganin zaman makoki da ya koma layin asibiti ba sai wannan.

Kowa ya zo da nasa tabon, kowa ya san abin da marigayi ya yi masa. Amma a duk kwanakin nan ban ji wanda ya ambaci abin da ya fi cika masa baki yana raye ba, wato labarin wani Baturen likita da danginsa. Mu jikoki ne muka sha shi har muka ƙosa. Yanzu da na ga babu mai sake ba da shi, sai na ji tsoron kada ya bi shi. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Kakana bai taɓa zama likita ba, kuma ba ya yarda a kira shi haka. In baƙo ya ce masa likita, sai ya ce, "Diresa dai. Likita shi ke yankawa, ni wankewa nake yi in ɗaure." Aikin da ya yi ke nan, da farko a wani asibiti a birni, daga baya a ɗakin shan magani na nan Wudil. Da ya yi ritaya ya ci gaba a zaurensa a Sabon Gari, zauren da har yau warin aidin bai bar bangonsa ba. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce masa Tsoho.

Ban taɓa ganin mutum mai tambaya irinsa ba. Ranar kasuwa kafin kowa ya fita shi ya tafi wajen mahauta, ba don ya sayi nama ba, don ya tsaya a kansu suna fiɗa. Sun saba da shi, in suka ga wani abu baƙo a hanta ko a huhu sai su ajiye masa. Yakan tare masunta a bakin kogi ya tambaye su me ya sa ƙayar wani kifin take kumbura hannu, ta wani kuma ba ta yi. In ka ce masa an ce kaza, sai ya ce, "Wa ya ce? Shi ya gani da idonsa?" A zaɓen da aka yi kafin rasuwarsa ni na raka shi. Da layi ya zo kansa, aka miƙa masa takarda, sai ya tsaya yana kallon wuyan malamin zaɓen.

"Malam, tun yaushe wuyan nan yake haka? Haɗiyi yawu in gani."

Malamin ya haɗiya, don ya ga furfura. Wani daga baya ya ce, "Baba, zaɓe fa muka zo."

Ya ce, "Zaɓe na sha gani. Irin wannan kumburin kuwa, mai tafiya gefe guda, ban taɓa gani ba." Sai da ya gaya wa mutumin ranar da zai je asibiti da abin da zai faɗa in ya je, sannan ya dangwala.

Asalin gidansu gidan wanzamai ne. Mahaifinsa sanannen wanzami ne a garin nan, yana da 'ya'ya maza biyu, kakana ne babba, shi ake sa ran zai gaji zabira. Ya riga ya iya aski da ƙaho da tsaga, ya kuma auri kakata, lokacin da ƙabar wani maƙwabcinsu ta murɗe. Mahaifinsa ya yi duk abin da ya sani, ciki sai ƙara kumbura yake. Daga ƙarshe ya ce wa kakana ya raka mutumin birni a motar gyaɗa.

A can aka ce sai an yi tiyata, kuma sai an aske marar majinyacin tukuna. Ma'aikacin da aka sa yana ta fama da wata aska mai dakushi, mutumin yana nishi. Kakana ya kasa haƙuri, ya zaro tasa daga aljihu, kafin a ce masa kai wane ne ya gama. Da ya ɗaga kai sai ya ga wani dogon Bature a tsaye yana kallon hannunsa.

"Wa ya koya maka?" in ji Baturen, da irin Hausarsu. Kakana yakan kwaikwayi muryar, ta hanci.

"Babana."

"Ni ma aikin nan gado na yi. Kana so ka ga sauran?"

Aka sa ya wanke hannu har gwiwar hannu, aka ɗaura masa ƙyalle a baki, aka ce ya jingina da bango kada ya taɓa komai. "Amarya," yakan ce mini, "na ga cikin mutum a buɗe kuma mutumin bai mutu ba. Hanjinsa da na rago babu bambanci. Aka warware inda ya murɗe, aka mayar, aka ɗinke kamar ana ɗinkin buhu. Na ce wallahi sai na san yadda aka yi." Bayan mako uku ya dawo da maƙwabcin da ƙafarsa, ya gaya wa mahaifinsa shi zai koma. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya dai ce, "In ka tafi, zabira ta ƙaninka ce." Ya tafi. Kakata ta zauna a gidan surukai, shi kuma yana zuwa duk ƙarshen wata, ya gaida uban, uban ya amsa da ka.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana riƙe wa Baturen nan tasa. A cikin shekarun ne ya tatsi labarin gidansu kaf, da tambaya. Abin da ya tono shi ne, ashe kakan kakan Baturen wanzami ne. A wani ƙaramin gari yake a Ingila, mai kasuwa da kogi, kakana ya ce daga yadda aka kwatanta masa kamar Wudil ne in ka ƙara sanyi. Yana da shago inda yake aski, yana cire haƙori, yana tsaga jijiya ya fitar da jini. Ƙahonsa na gilashi ne, da wuta ake ɗumama shi ya kama fata. In aka aiko daga ƙauye sai ya hau doki cikin ruwa da taɓo, ya je ya yi ɗori ko ya karɓi haihuwar da ta gagari mata. Matarsa ita ke daka magani, ita ke kiwon matsattsaku a cikin tulu a madafa, don su ma da su suke zuƙe jini. Wata rana tulun ya fashe. Kakana yana son wannan wurin. Yakan tsaya ya yi dariya, ya ce mako guda ana tsintar matsattsaku a takalman yara.

Daga nan sai muryarsa ta sauka. Wata shekara zazzaɓi ya shiga garin, ya kwantar da 'ya'yan wanzamin guda huɗu. Ya yi musu abin da ya sani, ya fitar musu da jini safe da yamma. Duk huɗun suka mutu a wata guda. Babban ɗansa, wanda ya riƙe tasa ana yi, ya dubi uban ya ce ba zazzaɓi ne ya kashe su ba, jinin da aka kwashe ne. Ya haɗa kayansa ya tafi babban birni ya yi karatun likita. Daga tsatsonsa Baturen ya fito, kuma tun daga kansa babu wani ƙarni da gidan ya rasa mai tiyata.

"To sun shirya kafin tsohon ya mutu?" Wannan ita ce tambayar da kakana ya yi wa Baturen. Baturen ya ce bai sani ba, ba a taɓa gaya masa ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Kakana ya ce abin ya fi ba shi mamaki fiye da duk tiyatar da ya gani, a ce mutum yana da irin wannan labari a gidansu kuma bai tambayi ƙarshensa ba.

Mu muna yara mun ɗauka mutanen nan 'yan wata unguwa ce a bayan gada, don yadda yake maganarsu. "Matar nan ta yi haƙuri," yakan ce, ana zaune ana cin tuwo, babu wanda ya tayar da zancen. Da na fara koyarwa na taɓa aro masa littafin taswira daga makaranta don mu nemo garin. Sunan da yake faɗa bai yi kama da komai a takardar ba, shekara hamsin a bakin Bakano sun sauya shi. Muka yini ba mu samu ba. Shi dai abin da ya ɗauke masa hankali daban ne. Ya auna Ingila da yatsa, ya auna ƙasarmu, ya sake aunawa, ya ce, "Iyakacinta ke nan? Daga 'yar wannan suka taso?"

Na taɓa zargin ko shi ya ƙirƙiri rabin labarin. Kakata ce ta cire mini shakka, don akwai ɓangaren da ta gani da idonta ta ramin zana. Wata shekara Baturen ya fito rangadi, ya biyo ta Wudil, ya ce sai an kai shi ya gaida mahaifin diresansa. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, unguwa ta taru. Ya cire takalmi, ya zauna da ƙyar don tsayinsa, ya roƙi a nuna masa zabira. Tsohon ya zazzage ta. Sai Baturen ya ciro wani ɗan akwati na fata da ya tsufa, ya buɗe, ya jera abin da ke ciki kusa da na tsohon: asake ƙanana masu ƙotar ƙashi, da kofunan gilashi guda uku. Ya ce na kakan kakansa ne.

Kakata ta ce tsohon ya daɗe yana juya su. Ya gwada kaifin ɗaya a farcensa, ya kifa kofi a tafin hannu, ya tambayi yadda yake kamawa ba tare da an zuƙa da baki ba. Sannan ya ce, "Ƙarfen bai kai nawa ba. Amma mai wannan ya san aiki, dubi inda yatsansa ya cinye ƙotar." Baturen ya ce bayansa yana damunsa saboda tsayuwa, ko za a yi masa ƙaho? Aka shigar da shi zaure, aka kori yara. Ya fito da tabo shida a baya yana gyara riga. Ko ya ji sauƙi ko bai ji ba, kakata ta ce ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne, bayan motar ta tafi tsohon ya kira kakana, karo na farko cikin shekaru ya ce masa ya zauna, ya ce, "Ashe ba barin gado ka yi ba. Gidan wani wanzamin ka koma. Da ka faɗa tun farko."

Da uban an shirya ke nan. Da ƙanin ne abin ya ƙi.

Mu Baba Ƙarami muke ce wa ƙanin kakana. Shi ya gaji zabira, shi ke yi wa duk jariran dangi askin suna, ya kuma cire musu beli, ɗan naman nan da ke reto a can cikin maƙogwaro. Da mahaifiyata ta haifi yayana, ɗanta na fari, ta zo wanka gida. Ranar suna Baba Ƙarami ya iso da zabirarsa. Ya gama aski, ya ciro ƙarfen beli, sai kakana ya riƙe masa hannu a gaban mutane.

"Ba za a cire ba."

"Yaya, kai an cire maka, ni an cire mini, ita uwar yaron ma Baba ne ya cire mata."

"Na ga waɗanda aka kawo asibiti jini ya ƙi tsayawa. Na ga waɗanda haƙoransu suka datse bayan kwana bakwai. Ka taɓa bin su ka ga yadda suka ƙare? Wannan ƙarfen ma yaushe rabon da ka dafa shi?"

"Ƙarfen Baba kake cewa ƙazami?"

"Na ce ka dafa shi."

Baba Ƙarami ya mayar da kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya rataya zabira, ya ce, "Tun da ilimin Nasara ya fi na ubanmu, daga yau ka riƙa yi wa jikokinka da kanka." Bai ci abincin suna ba.

Mahaifiyata ta ce kakana yana da gaskiya, amma bai iya faɗarta ba, don da ya ja shi gefe da ba a kai ga haka ba. Kusan shekara talatin suka yi a haka. Ba za a ce gaba suke yi ba, don kowannensu yana tsoron Allah. In suka haɗu a masallaci za su yi sallama, su tambayi iyali, shi ke nan. Ba su sake zama a tabarma ɗaya ba. Kakana ya koma zuwa wajen wani wanzami a bakin tasha, yana dawowa yana ƙorafin hannunsa nauyi. Mu jikoki duk da belinmu muka girma, kuma yakan sa mu buɗe baki ya leƙa, ya ce, "Ga shi nan, me ya yi miki?"

Wata rana da la'asar yana ba ni labarin wanzamin Ingila karo na ban san nawa ba, ya zo daidai wurin tambayarsa, ko sun shirya. Kakata tana tankaɗe a gefe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam, kana ta tambayar ko Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakanka sun shirya. Ga ƙaninka nan a bayan masallaci." Ya tashi ya ce zai duba akuya.

Bayan zaɓe da 'yan makonni fitsari ya fara yi masa wuya, har ya tsaya gaba ɗaya. Aka sa masa roba, likita ya ce sai an yi aiki. Mutumin da ya lallashi rabin garin nan suka kwanta aka yanka su, sai ya ce shi ba za a taɓa shi ba. Mahaifiyata ta yi kuka, kawunnaina suka yi magana, ya ƙi. Ni a lokacin ina da ciki wata shida, na zauna kusa da shi na ce, "Tsoho, kai da ka san komai na ciki?"

Ya ce, "Shi ya sa, amarya. Wanda bai sani ba shi ke kwanciya da daɗin rai."

Kakata ba ta shawarci kowa ba. Ta yafa mayafi ta fita, ta dawo ba ta ce ga inda ta je ba. Washegari da hantsi muka ji sallama a zaure. Na leƙa, sai ga Baba Ƙarami da zabira a kafaɗa. Ya zauna a bakin tabarmar da kakana ke kwance. Suka gaisa, doguwar gaisuwa, har da tambayar awaki. Sannan ya ce, "Yaya, an ce kana tsoron wuƙa."

"Wa ya ce?"

"Gari ya ɗauka. Jiya a kara ma zancen da ake yi ke nan."

Baba Ƙarami ya dubi kan kakana.

"Kanka ya yi suma," in ji Baba Ƙarami. "Ba za ka je gaban likita a haka ba, a ce daga gidan wanzamai ka fito. Tashi zaune."

Ya tashi. Aka kawo ruwa, ya jiƙa masa kai, ya fara aski. Ina tsaye a bayan ƙofa ina jin sautin askar. Ya gama kai, ya ɗaga masa haɓa, aska tana daidai maƙogwaro, sai na ji kakana ya ce, "Ka dafa askar nan?"

"Ban dafa ba."

"To. Ci gaba."

Ranar Litinin suka tafi birni a mota ɗaya. Allurar da ke kashe rabin jiki aka yi masa, don haka idonsa biyu aka yi aikin. Kawuna da ya raka su ya ce likitan ya fito yana dariya, ya ce bai taɓa yanka mutum yana yi masa jarrabawa ba. Wane zare ne wannan? Me ya sa aka daina amfani da wancan? Kakana ya roƙi a sauke ƙyallen da aka tare masa fuska, aka ƙi, sai ya gano yana iya hangen komai a jikin ƙarfen fitilar da ke samansa. Baba Ƙarami kuwa bai bar bencin ƙofa ba har aka fito. Da aka ce an gama lafiya, abin da ya fara tambaya shi ne a nuna masa abin da aka ciro. Aka kawo a kwalba. Kawuna ya ce ya shiga ɗaki ya tarar da tsofaffi biyu sun haɗa kai a kan kwalba, ɗaya yana cewa kamar goro, ɗaya yana cewa kamar ƙodar ɗan akuya.

Wata biyu ya ƙara a duniya, kuma lafiya lau ya yi su. Kullum da hantsi Baba Ƙarami yana zaure. Ba wai sun daina gardama ba ne, wuri suka samu na yin ta. Maganar beli kaɗai sun yi ta ta fi sau ashirin, babu wanda ya matsa daga inda yake.

Kwana uku kafin rasuwarsa na kai masa kunu. Ya karɓa ya riƙe bai sha ba, ya ce, "Amarya, mutanen nan sun shirya."

"Waɗanne mutane?"

"Wanzamin da ɗansa. Akwatin asaken nan a hannun wa na gan shi? A hannun tattaɓa-kunnen ɗan. In ba su shirya ba, ta ina ya bi ya je can? Ko uban ya ba shi da hannunsa, ko ɗan ya dawo ya ɗauka. Ko wanne ne, ya dawo gidan." Ya girgiza kai. "Shekara hamsin amsar tana gabana. Ni da na riƙe akwatin da hannuna."

Ranar Talata ya yi sallar walaha, ya jingina da bango rediyo a cinyarsa. Kakata ta zaci gyangyaɗi yake. Baba Ƙarami ne ya yi masa wanka.

Na haihu bayan sadakar arba'in da kwana huɗu. Namiji ne, aka mayar masa da sunan marigayi. Ranar suna Baba Ƙarami ya zo da sassafe, ya zauna a tsakar gida, ya buɗe zabira. Ya ce a ɗora masa ruwa a wuta. Mahaifiyata ta dube ni, na dube ta. Da ruwan ya tafasa ya jefa askar a ciki, ya jira, ya tsamo ta. Ya yi wa yaron aski a hankali, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa yana ce masa Yaya.

Da ya gama ya fara tattara kaya. Gwaggon maigidana, wadda ta zo daga ƙauye, ta ce, "Malam, belin fa?"

Ya sa ɗan yatsa ya buɗe bakin yaron, ya karkata shi ga haske, ya leƙa ya daɗe. Sannan ya miƙo mini shi.

"Yana nan, kuma ni har gobe a ganina cirewa ya fi," in ji shi. "Da mai sunan yana raye, da na tsaya mun yi ta. Yanzu da wa zan yi?"

Ya ɗaure bakin zabira, ya nemi a miƙo masa sandarsa.

Allah ya haskaka kabarin kakana, ya yafe masa abin da harshensa ya yi gaggawa a kai, ya saka masa da kowane ciwo da ya wanke. Ya ba Baba Ƙarami haƙurin zama shi kaɗai a zauren nan da hantsi.